Fliqlo da 'yan uwanta: manhajar da ke mayar da waya agogon tsofaffin finafinai

Da zarar an buɗe ta, fuskar wayar gaba ɗaya sai ta koma baƙa ƙirin. Katuna biyu ne a tsakiya, ɗaya na awa ɗaya na minti, kowanne ɗauke da manyan lambobi farare masu kauri, kuma wani siririn layi ya ratsa kowane kati ya raba shi sama da ƙasa. Idan minti ya cika, rabin katin na sama sai ya kifo ƙasa kamar an buɗe shafin littafi daga sama, sabuwar lamba ta bayyana. Iyakar aikin Fliqlo ke nan. Ba ta faɗin yanayin gari, ba ta kawo labarai, ba ta ƙirga takun da mutum ya yi. Lokaci kawai take nunawa, irin yadda agogon gefen gado ke nuna shi a finafinan Turawa na da.

Hukuncinmu tun da wuri shi ne: manhaja ce mai kyau ƙwarai ga wanda yake da tsohuwar waya ko tsohon tablet a ajiye, yana son ya mayar da shi agogon tebur. Ga wanda zai saka ta a wayar da yake kira da ita, yake tura kuɗi da ita, abin wasa ne na kwana biyu, kuma idan bai kiyaye ba zai iya barin tabo a allo ko ya gajiyar da batir. Sauran bayanin duk a kan dalilan haka ne.

Agogon da take kwaikwayo

Irin wannan agogo mai fallaye ya yi tashe ne daga shekarun 1950 zuwa 1970. Kamfanin Solari da ke birnin Udine a Italiya shi ne ya fi yin suna da shi. Agogonsu mai suna Cifra 5, wanda Gino Valle ya tsara, ya ci lambar yabo ta Compasso d'Oro a 1956, kuma ƙaninsa Cifra 3 na tsakiyar shekarun 1960 yana cikin kayan da gidan adana fasahar zamani na New York ya ajiye. Kamfanin ne kuma ya riƙa ƙera manyan allunan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, waɗanda haruffansu ke ta kifewa da ƙara kafin sunan gari ya tsaya. Daga baya Japanawa suka cika kasuwa da ƙanana masu araha, musamman kamfanin Copal, sannan Panasonic da Sony suka haɗa su da rediyo. A fim ɗin Groundhog Day na 1993, rediyon Panasonic mai irin wannan agogo ne ake ta nunawa yana kifewa daga 5:59 zuwa 6:00, safiya bayan safiya, kuma wannan hoton na cikin abin da ya sa har waɗanda ba su taɓa riƙe irin agogon ba suke gane shi da gani ɗaya.

Sai an san yadda na gaske yake aiki ake iya bambance manhajar da ta iya kwaikwayo da wadda ta yi aikin ha'inci. A cikin akwatin akwai ɗan injin lantarki da ke juya gargare biyu ba tsayawa. Na minti yana kammala zagaye ɗaya a awa ɗaya, kuma yana ɗauke da fallaye 60 na roba. Kowane falle an buga masa rabin lamba a gaba da rabin wata lambar a baya: fuskarsa na nuna rabin sama na lambar yanzu, bayansa kuma rabin ƙasa na lambar da ke tafe. Wani ɗan ƙarfe a sama shi ke riƙe fallen, gargaren na turo shi a hankali har ya kuɓuce, nauyinsa ya kayar da shi ƙasa. Shi ya sa layin nan na tsakiya ba ado ba ne, mahaɗar fallaye biyu ce. A ƙirar da ta fi yawa, gargaren awa fallaye 48 gare shi, biyu ga kowace awa, kuma fallayen minti na ƙarshen awa suna da ɗan haƙori a gefe da ke tura wani maƙalli ya riƙe fallen awa, kada ya faɗi sai minti ya koma 00. Da ba don wannan dabarar ba, da sai a ga 8:57 alhali 7:57 ce.

Mai sha'awar abin zai ce me ya sa ba za a nemi na gasken a gwanjo ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Injin yawancin tsofaffin nan da bugun wutar lantarki yake ƙirga lokaci. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a sakan a kan bolt 120, ta Nijeriya da Nijar da Ghana kuwa sau 50 a kan bolt 220 zuwa 230. Idan an kawo na Amurka, ko da an sa masa taransifoma mai rage ƙarfin wuta don kada ya ƙone, taransifoma ba ta canza yawan bugu. Agogon zai riƙa tafiyar minti 50 a kowace awa, wato asarar awa huɗu a rana. Wasu na Japan suna da ɗan makunni na zaɓen 50 ko 60, saboda ƙasar kanta rabe take, Tokyo na kan 50, Osaka na kan 60. Amma ko an dace da irin wannan, da an ɗauke wuta ya tsaya cik, kuma a kan ƙaramin janareta bugun wutar hawa da sauka yake yi, lokacin ma haka. A nan manhajar ta sha gaban na gaske, domin ita daga agogon cikin wayar take karɓar lokaci.

Ita Fliqlo ɗin kanta

Wani mai zane ɗan Japan, Yuji Adachi, shi ya ƙirƙiro ta a 2002, kuma a kwamfuta ta fara, a matsayin hoton da ke rufe allo idan an bar na'ura ba a taɓa ba. Na kwamfutar Mac da Windows kyauta ne. Tsohon na Windows a kan manhajar Flash ta kamfanin Adobe aka gina shi, don haka da Adobe ta daina kula da Flash a ƙarshen 2020 ta kuma toshe shi a Janairun 2021, sai ya daina aiki a kwamfutocin mutane, har aka fitar da sabo. Wanda ya ci karo da tsohon fayil a wani shafin sauke-sauke ya girka, ya ga ba agogo, dalilin ke nan.

Ta waya kuma ta iPhone da iPad ce, ana sayen ta a App Store da ɗan kuɗi kaɗan, biya ɗaya, ba talla a ciki. Za ka iya zaɓar lissafin awa 12 ko 24, ka ƙara girman lambobi ko ka rage, ka sa ta a tsaye ko a kwance, ka nuna sakan ko ka ɓoye, ka kuma rage haske daga cikin manhajar. Ana iya cire katunan bayan lambobin a bar farar lamba a kan baƙin fili. Muddin tana buɗe, wayar ba za ta kashe allo da kanta ba.

Inda ta fi burgewa shi ne kifewar fallen. Rabin sama kaɗai ke motsi, yana faɗowa gaba ya rufe rabin ƙasa, kuma cikin ƙiftawar ido an gama. Masu kwaikwayonta da dama a nan suke faɗuwa: wata ta juya katin gaba ɗaya kamar ana juya waina, wata ta sa tsohuwar lamba ta dushe sabuwa ta fito, wata kuma ta ja motsin ya yi tsawo har ido ya gaji da jira. Lambobin Fliqlo masu kauri ne, ba ƙawa, ba lanƙwasa. A wayar da allonta ya kai inci 6.5, faɗin allon wajen santimita 15 ne a kwance, tsayinsa kusan 7, don haka lambar tana samun girman da za a karanta daga wancan bangon ɗaki ba tare da an matso ba. Don falo babba ko shago, tablet ya fi dacewa.

Sai dai akwai abin da ba ta iyawa, kuma ba laifin mai ita ba ne. Tsarin iPhone ba ya barin manhajar waje ta zama abin da ke tashi da kansa idan an ajiye waya. Dole kullum ka buɗe ta da hannu. Ba ta maye gurbin allon kulle. Saƙo ya shigo, zai sauko a kan lambobin. Kuma tun da iOS 17 ya fito a 2023, Apple ta kawo nata agogon gefen gado mai suna StandBy, wanda ke tashi da kansa idan waya na caji tana jingine a kwance, ya kuma koma ja-ja idan ɗaki ya yi duhu. Kyauta ne, kuma wayar a kulle take. Illarsa ita ce a wayoyin da ba su da allon da ke kwana a kunne, yakan mutu bayan ɗan lokaci sai an taɓa shi. Mai tsohuwar iPhone 7 ko 8 kuwa ba shi da StandBy sam, domin iOS 17 bai sauka a kansu ba, kuma su ne ainihin waɗanda Fliqlo ta fi yi wa rana.

Masu Android fa?

Mai Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung sai dai ya nemi makamanciyarta. Idan ka rubuta "flip clock" a Play Store za su fito da yawa, hotunansu kusan iri ɗaya, kuma a nan ne ake bukatar buɗe ido. Kafin ka sauke, duba ƙarƙashin sunan ko an rubuta tana ɗauke da talla ko saye a ciki. Talla a manhajar agogo ba ƙaramin abu ba ne: wata takan bar siririn talla mai haske a ƙasan allo dare gaba ɗaya, yana cin data yana haska ɗaki, wata kuma ta rufe allon duka da bidiyo duk lokacin da ka taɓa saiti. Mafi sharri su ne masu cewa gwaji kyauta na kwana uku, daga nan su fara cirar kuɗi mako-mako. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da cirar. Sai ka shiga Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka je wurin biyan kuɗi da rajista, ka soke a can.

Bayan ka sauke, lura da izinin da take nema. Agogo ba shi da hurumi da lambobin mutanenka, ko saƙonninka, ko kyamara, ko makirufo. Wurin da kake ma sai idan tana nuna yanayin gari. Gwaji mafi sauƙi: sa wayar a yanayin jirgin sama ka buɗe ta. Ta kirki za ta yi aiki ras, domin ba abin da take bukata daga intanet.

Akwai kuma wata fa'ida da Android ke da ita a kan iPhone. Tun Android 4.2 na 2012 tsarin yana da abin rufe allo, wanda a da ake kira Daydream, yanzu kuma Screen saver, a ƙarƙashin Display cikin Settings. Manhajar da aka gina da kyau za ta bayyana a cikin jerin da ke wurin. Ka zaɓe ta, ka ce ta riƙa tashi lokacin caji, shi ke nan: ka jona caja, allo ya kai lokacin mutuwa, maimakon ya mutu sai agogo ya fito. Wasu kamfanonin waya sukan ɓoye wannan saiti a wani lungu, don haka yi amfani da wurin bincike na cikin Settings. Manhajar da ba ta shiga wannan jeri ba, ta rasa rabin amfaninta.

Dalilin da ya sa wannan ke da muhimmanci ya wuce sauƙi. Manhajar da aka buɗe da hannu aka bari tana nuna lokaci, wayar a buɗe take, ba a kulle ba. Duk wanda ya shigo ɗaki ya ja yatsa daga ƙasa ya shiga WhatsApp ɗinka da saƙonnin bankinka. A kan kantar shago kuwa abin ya fi haɗari. Maganinsa a iPhone shi ne Guided Access, a ƙarƙashin Accessibility: ka kunna, ka sa masa lambar sirri, ka buɗe agogon, ka danna maɓallin gefe sau uku a jere, ko maɓallin gida a tsofaffin wayoyi. Daga nan ba mai fita daga manhajar sai da lambar. Ka tuna yana da nasa saitin kashe allo daban, ka mayar da shi kan Never, in ba haka ba za ka farka ka tarar da allo a mace. A Android kuma akwai maƙale manhaja, App pinning ko Screen pinning, a ɓangaren tsaro, kuma sai ka kunna zaɓin neman lambar sirri kafin a cire maƙalewar, in ba haka ba aikin banza ne.

Allo: wane iri ne a wayarka?

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna ba su sani ba. Allon waya iri biyu ne. LCD yana da fitila a bayansa da ke kunne muddin allon na kunne, ko hoton baƙi ne ko fari. OLED, wanda Samsung da wasu ke kira AMOLED, kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, baƙi kuma yana nufin ɗigon a kashe yake. Don ka gane naka, shiga ɗaki mai duhu ka buɗe agogon. Idan baƙin filin yana fitar da wani haske toka-toka, LCD ne. Idan lambobin kamar suna shawagi a cikin duhu ba a ganin gefen allon, OLED ne. A ɓangaren Apple, iPhone 8 da na bayanta, da XR, da 11, da duk SE, LCD ne. iPhone X ta 2017 ce ta fara OLED, kuma daga 12 zuwa sama duk shi ne, in ban da SE. Ƙananan wayoyin Android masu araha galibinsu LCD ne.

A ido, OLED ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma ya fi tattalin batir da irin wannan hoto da yawancinsa baƙi ne. Amma ɗigoginsa tsufa suke yi gwargwadon yadda suka yi aiki, masu ba da shuɗin haske kuma sun fi saurin gajiya, farar lamba kuwa tana sa duka launukan aiki lokaci guda. Idan lamba ɗaya ta daɗe a wuri ɗaya da haske mai ƙarfi, wata da watanni, sai wurin ya dushe fiye da kewayensa, a riƙa ganin inuwarta a kan kowane hoto. Wannan tabon ba ya gogewa, sai dai a canza allo, kuma duk wanda ya taɓa tambayar kuɗin allon AMOLED a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya san ba abin wasa ba ne.

Ba duka lambobin ke da haɗari ɗaya ba. Lambar ƙarshe ta minti tana canzawa kowane minti, ta kusa da ita kowane minti goma, don haka gajiyar tana bazuwa. Matsalar tana hagu. A lissafin awa 24, lambar farko 1 ce tun daga 10:00 har 19:59, awa goma cur ba motsi, kuma a manhajar da ke sa sifili a gaba, 0 ne zai tsaya daga tsakar dare har 09:59. Sai gefunan katunan, da layin tsakiya. Shi layin, da yake baƙi ne, ɗigoginsa ba sa aiki, sai su zauna sababbi kewayensu na tsufa, daga baya a ga siririn layi mai ɗan haske ya ratsa allon. Abin yi: rage haske zuwa mafi ƙanƙantar da ido zai iya karantawa, cire katunan baya idan manhajar ta ba da dama, wani mako a sa wayar a kwance wani mako a tsaye don lambobin su sauya mazauni, kuma idan manhajar Android ɗin tana da zaɓin gusar da hoto kaɗan-kaɗan, a kunna. Sau ɗaya a wata ka buɗe hoto mai launin toka zalla ya cika allon, a nan tabo ke fara nuna kansa kafin a gan shi a ko'ina.

LCD ba ya wannan ciwon. Wani lokaci yakan riƙe inuwar hoto na ɗan lokaci, amma idan aka kashe shi ya huta yakan washe. Saboda haka tsohuwar waya mai LCD, wadda ba a yi mata kallon komai, ita ce ta fi dacewa da zama agogo dare da rana. Abin da za ka haƙura da shi kawai shi ne ɗan hasken tokan nan a ɗakin kwana.

Batir da zafi

Allon da ba ya mutuwa dole a bar waya a caji, batirin lithium kuwa abu biyu ne ba ya so: zama a cike ƙam na tsawon lokaci, da zafi. Idan suka haɗu sai ya yi saurin tsufa, wani lokaci ya tara iska a ciki ya kumbura. Apple ta ce a yi amfani da iPhone a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder a watan Afrilu yakan wuce haka da rana ba tare da an kunna komai ba, balle a ƙara caji da allo a kunne. Wannan ba matsalar da mai manhaja a Japan zai magance maka ba ce.

Cire rigar wayar, domin tana riƙe zafi. Kada a ajiye ta a taga inda rana ke bugawa, ko a kan talabijin, ko a kan katifa. Yi amfani da ƙaramar caja ta wat 5, wato bolt 5 amfiya 1, maimakon mai saurin caji, tunda ba gaggawa ake yi ba. Cajar da ake ɗora waya a kai ba igiya tana ƙara ɗumi, a bar ta. Idan wayar tana da saitin tsayar da caji kafin ya cika, a kunna: iPhone 15 zuwa sama suna iya tsayawa a kashi 80, wayoyin Samsung na 'yan shekarun nan ma suna da kariyar batir da ke tsayawa a 80 ko 85. Tsohuwar wayar da ba ta da wannan, a riƙa zare cajar da rana ana mayarwa da dare. Kuma duk mako a ɗauke ta a kwantar a kan tebur mai santsi. Idan tana lilo, ko bayanta ya ɗago, ko allon ya fara rabuwa da jikin wayar a gefe, batir ya kumbura. A zare caja nan take, kada a danne shi, kada a huda shi, a kai wa mai gyara.

Game da yawan cin batir, babu adadi ɗaya da ya dace da kowace waya, amma aunawa ba wuya. Cika ta, zare caja, sa hasken da za ka kwana da shi, bar agogon awa ɗaya, ka ga kashi nawa ya sauka, ka ninka sau takwas. Idan abin da ya fito bai kai ɗari ba, za ta kai ka asuba ko an ɗauke wuta tun farkon dare. Idan ya wuce, fara da kashe sakan. Agogon da ke nuna minti kaɗai sau 1,440 yake motsi a rana, mai nuna sakan kuwa sau 86,400, kuma kowane motsi sai wayar ta sake zana allon. Haka sautin kifewa da wasu manhajojin Android ke sakawa: da rana yana da daɗi, da dare kuwa ƙas-ƙas sau 480 ne cikin awa takwas.

Mai niyyar sa fawa banki ya sani cewa da yawansu suna kashe kansu idan waya ta cika ta daina jan wuta sosai, kuma ba duka ke sake kunna kansu ba. Sannan inda wuta ke zuwa tana tafiya, duk dawowarta wayar za ta yi ƙara ko ta girgiza alamar ta fara caji. A kashe sautin caji a saiti, a kuma sa yanayin hana damuwa don saƙonni kada su riƙa saukowa kan lambobin.

Kada a dogara da ita wajen tashi

Agogon kallo ce, ba ta tashin mutum ba. Ko manhajar da ka sauke tana da ƙararrawa, don sallar asuba ko sahur ko sammakon tasha a yi amfani da agogon da ya zo da wayar. Tun Android 6.0 na 2015 tsarin yana kwantar da manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, wasu kamfanonin kuma sun ƙara nasu mai kashe manhaja a kai, sannan daga Android 12 akwai izini na musamman kafin manhaja ta buga ƙararrawa daidai kan minti. Ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, ƙararrawar za ta makara ko ta yi shiru. Ƙararrawar wayar ta asali tana bugawa ko agogon fallayen na buɗe a kan allo, don haka ba sa hana juna aiki.

Daidaiton lokacin ma na wayar ne. Mai layi a ciki tana karɓar lokaci daga kamfanin sadarwa. Tsohuwar da aka cire wa layi da ɗan agogon cikinta take tafiya, a hankali yakan yi gaba ko ya yi baya, don haka a riƙa haɗa ta da intanet na ɗan lokaci duk mako, da saitin lokaci na kai tsaye a kunne. Yankin lokaci kuma a zaɓa da hannu: Legas ko Yamai ga Nijeriya da Nijar, kuma Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya da su, Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Wayar da aka sayo daga waje aka kunna ba layi takan zauna a kan lokacin ƙasar da ta fito.

Akwai wasu salon da ake tallata su tare da wannan, dukansu da sunan tsohon fim. Ɗaya yana kwaikwayon ƙirgen da ke farkon zaren majigi, da'ira da gicciye da hannu mai zagayawa, irin wanda ke sauka daga 8 zuwa 2 kafin fim ya fara, har da ƙarce-ƙarce da ɗige-ɗigen tsohon zare. Yana da ban sha'awa na minti biyar. A matsayin agogo bai yi ba, domin filinsa mai haske ne kuma motsi ba ya tsayawa, ga cin batir ga hana barci. Wani kuma layuka uku ne, ja da kore da rawaya, irin allon motar nan mai ratsa zamani ta fim ɗin Amurka na 1985, wanda layi ɗaya kawai a ciki ke nuna lokacin da ake ciki, lambobin kuma sun yi ƙanana saboda an raba allon uku. Na uku shi ne mai kwaikwayon ƙwayayen gilashi masu lambobi ruwan lemo, irin na na'urorin shekarun 1950 da 1960. Shi ne kaɗai ke iya gogayya da mai fallaye a ɗakin kwana, saboda launin lemo a kan baƙi bai kai fari damun ido ba.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa sai an zo jingine wayar: a kwance, ramin caja gefe yake komawa, igiya madaidaiciya kuma takan ja wayar ta karkace ko ta lanƙwashe a wuyanta har ta karye. Nemi igiya mai kai a lanƙwashe, da mazaunin waya mai ɗan nauyi wanda bai rufe bayanta duka ba, don iska ta samu wurin wucewa.